Zaɓen Bugun Littafin Lissafin Firamare Don Koyarwa A Gida: Tambayoyi Da Amsoshi

A ƙauyukan Kano da Jigawa akwai gidaje da dama da uwa, ko uba, ko wa, ko ƙanen uba mai NCE ke zama da yara bayan La'asar ana lissafi. Wani makarantar ce ta yi nisa, wani yaron yana makarantar allo da safe, wani kuma yana zuwa firamaren amma ajin ya cika har malami ba ya iya duba littafin kowa. Da an je sayen littafi kuma sai a tarar da suna ɗaya, aji ɗaya, amma bango iri uku da farashi uku. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Malam, mai shago ya ce mini wannan "sabon bugu" ne. Ta yaya zan tabbatar?

Kada ku tsaya a bango. Ku buɗe bayan shafin da aka rubuta sunan littafin, inda ake jera shekaru da ƙananan baƙaƙe. Idan kuka ga Reprinted da wata shekara, littafin da aka sani ne aka ƙara bugawa saboda ya ƙare a kasuwa, ba a taɓa cikinsa ba. Idan kuka ga Revised Edition ko New Edition, to an taɓa cikinsa: an sauya tambayoyi, an matsar da wasu babuka, lambobin shafi sun canza. Littafin da aka gyara a 2014 aka sake bugawa a 2022 bugun 2014 ne, ko da bangonsa yana sheƙi.

Shaida ta biyu ita ce lambar ISBN da ke bangon baya. Sake bugu ba ya canza ta, sabon bugu yana zuwa da sabuwa. Ku riƙe littattafan biyu ku gwada lambobin. Idan ɗaya ne, ku ɗauki mai sauƙin kuɗi, in dai ba jabu ba ne.

Bangon ya cire, shafin shekarun ma ya yage. Akwai yadda zan gane shekarunsa?

Ku je babin kuɗi, shi ke tona asirin littafi. Takardar ₦100 ta fito a 1999, ₦200 a 2000, ₦500 a 2001, ₦1,000 a 2005. Littafin da aka jera hotunan kuɗin Najeriya a cikinsa babu dubu ɗaya, an tsara shi ne kafin 2005 ko daf da ita. Idan akwai tsabar ₦2, to daga 2007 ne zuwa gaba. Idan kuka ga fam da sule da kwabo irin na dā, ya girmi 1973, shekarar da naira ta fara aiki, wannan kam sai dai ajiya.

Idan ISBN ɗin yana nan, ku ƙirga lambobinsa. Mai lamba 10 tsarin kafin 2007 ne, mai 13 na bayanta ne, kuma na Najeriya yakan fara da 978-978. Sunan kamfani ma yana taimakawa: Longman Nigeria ya koma Learn Africa a 2011, don haka mai tsohon sunan ya girmi wannan shekara.

Sau nawa aka canza manhaja, kuma wacce ake bi yanzu?

Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar firamare ta ƙasa. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara ta fara aiki a 2008. An yi mata kwaskwarima a 2012, aka fara aiki da gyararriyar a Satumba 2014. A Satumba 2025 kuma gwamnatin tarayya ta fito da wata wadda ta rage yawan darussa, aka tsara a soma ta daga aji 1 da aji 4 na firamare, ta riƙa hawa da yaran. Lissafi yana nan a kowane aji cikin dukansu.

A manhajar 2014 lissafin firamare ya kasu gida biyar: lambobi da ƙirga; tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa; aljabara ta farko, wato neman lambar da ta ɓace a cikin akwati; awo da siffofi; sai tattara bayanai a jadawali da zane. Ku buɗe shafin abubuwan da ke ciki ku duba ko biyar ɗin sun cika. Tsofaffin littattafai sukan fi ƙarfi a biyun farko, su yi rauni a na ƙarshe.

Duk littafin da aka rubuta wa "bisa sabuwar manhaja" a bango, ku tambayi kanku: sabuwa a wace shekara? Mai wannan rubutu na 2009 ma yana nan a kasuwa.

Yayana ya ba ni littattafan da 'ya'yansa suka gama da su. Tsohon bugu ne. In yi amfani da su ko in sayi sababbi?

Idan daga 2014 ne zuwa yau, kuma shafuka sun cika, ku yi amfani da su hankali kwance, musamman a aji 1 zuwa 3. Bakwai sau takwas hamsin da shida ne a kowane bugu. Abin da ke tsufa a littafin lissafi kaɗan ne: farashin kaya, hotunan kuɗi, da ajin da aka ajiye wani darasi.

Farashin kuwa yana da sauƙin gyara, kuma ya kamata a gyara. Yaron da ake aika kanti kullum, idan ya karanta cewa an sayi biredi ₦15 aka ba da canjin kwabo 50, sai ya ɗauka lissafin littafi daban, na duniya daban. Ku ɗauki fensir ku sa farashin kasuwarku ta wannan mako, ko ku ƙara sifiri ɗaya ko biyu, amma ku lura kada lambar ta wuce inda ajinsa ya kai. Idan kun canza lamba, amsar da ke bayan littafi ta tashi aiki, sai kun lissafa da kanku kafin ku zauna da shi. Kwabo kuwa kada a tsallake shi don an daina kashe shi: ₦2.50 ita ce ƙofar da yaro ke bi ya shiga lamba mai ɗigo.

Wurin da sabon bugu ya cancanci kuɗinsa shi ne yaron da zai shiga makaranta a aji 1 ko 4 ƙarƙashin manhajar 2025, da ɗan aji 6 mai shirin jarrabawa.

Na sami littafin ɗalibi bugun 2014, littafin aiki kuma na wata shekara. Ai duk kamfani ɗaya ne?

Nan ne aka fi yin asara. Jerin littafin lissafi yakan zo kashi uku: littafin ɗalibi, littafin aiki da ake rubutu a ciki, da jagoran malami mai bayanin koyarwa da amsoshi. An ɗinka su ne a kan juna. Jagoran zai ce a buɗe shafi na 46 a yi aiki na 3, ku buɗe ku tarar da agogo alhali ana maganar rabawa. Wanda ya fi wannan muni shi ne inda shafin ya yi daidai amma an sauya lambobin tambaya biyu ko uku. Yaro ya yi daidai, amsar jagora ta ce ya faɗi, uwa ta ja masa kunne a banza, shi kuma ya fara shakkar abin da ya iya.

Tsohon bugu cikakke ya fi sabon bugu mai giɓi. Kafin ku biya, ku buɗe darasi ɗaya a tsakiyar jagoran, ku bi lambar shafin zuwa littafin ɗalibi, ku lissafa tambaya uku ku gwada da amsoshinsa. Minti biyar ne a tsaye a shago. Idan kuɗi ba zai kai duka ukun ba, littafin aiki ne ake bari. Idan mai koyarwar ya daɗe da barin makaranta, jagoran malami ya fi masa komai amfani, kuma shi ne aka fi wahalar samu, sai an sa mai shago a Sabon Gari ko Dutse ya yi odarsa.

Ni da aro da biya aka koya mini ɗebewa, littafin kuma wata hanya yake bi. Wacce zan koya masa?

Hanyoyin biyu daidai ne, haɗa su ne ke kawo ɓarna. Ku ɗauki 52 a ɗebe 27. A tsohuwar hanya ana ara wa 2 goma ta zama 12, a cire 7 saura 5, sannan a "biya" ta hanyar ƙara ɗaya a kan 2 ta ƙasa ta zama 3, a cire ta daga 5 saura 2. Amsa 25. A hanyar da yawancin littattafan yanzu ke bi, ana kwance goma ɗaya daga cikin biyar ɗin, a soke 5 a rubuta 4, sai 12 a cire 7, 4 a cire 2. Amsa 25.

Yaron da baba ya koya wa ta farko, yaya ta koya masa ta biyu, yakan yi duka biyun a tambaya ɗaya: ya soke 5 ta koma 4, ya kuma ƙara ɗaya a ƙasa ta zama 3, ya samu 15. Idan kuka ga amsa ta gaza da goma cif, ku fara zargin wannan.

Ku bi ta littafin da ke hannunku, kowa a gidan ya bi ta. Idan zaɓi ne, ta biyun ta fi, don ana iya nuna ta da hannu. Ku kakkarya tsinken tsintsiya ko sillen kara guda 120 zuwa 150, tsawon ɗan yatsa, ku ɗaure goma-goma da kyauro. Ku ba shi ƙulli biyar da tsinke biyu ku ce ya ba ku 27. Zai ga biyun ba za su isa bakwai ba, da kansa zai kwance ƙulli ɗaya. A bar shi ya yi haka kwana da yawa kafin a koma takarda.

Akwai wasu ƙananan bambance-bambance tsakanin bugu da bugu da ke rikita yaro. Wani littafin yana rubuta H T U a kan gurabun ɗari, goma da ɗaya, wani H T O. Wani yana rubuta 12 500 da tazara, wani 12,500 da waƙafi. Ku gaya masa sau ɗaya cewa abu ɗaya ne, ku tsaya a kan guda.

Shekarunsa goma. In saya masa na aji 4 ko na aji 5?

Shekaru ba sa zaɓen littafi. Ku gwada shi tukuna, a kan allo, ba gaggawa ba tsawa, ku fara daga ƙasa:

Ya ƙirga tsakuwa 23 ya rubuta lambar, sannan 8 a tara da 5. Idan ya wuce, 47 a tara da 38, da 52 a ɗebe 27. Sai ku ce ya rubuta "ɗari uku da biyar", ya yi 403 a ɗebe 178, ya faɗi 7 sau 8. Daga nan 236 sau 14, da 852 a raba gida 4. Na ƙarshe, rabi a tara da sulusi, da 2.5 a tara da 0.75.

Amsoshin su ne 13, 85, 25, 305, 225, 56, 3,304, 213, 5/6 da 3.25. Amma irin kuskuren da ya yi ya fi amsar faɗa muku gaskiya. Wanda ya rubuta 715 a 47 da 38, ko 3005 a maimakon 305, bai san gurbin lamba ba, littafin aji 2 ne nasa ko da gemu ya fara fito masa. Wanda ya samu 375 a 403 ɗebe 178 yana cire ƙarama daga babba ne duk inda ya gan su. Wanda ya samu 235 ya san aro, sifirin tsakiya ne ya kayar da shi, mako ɗaya da tsinke ya ishe shi. Wanda ya ce rabi da sulusi 2/5 ne ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Wanda ya samu 1.00 a ta ƙarshe ya jera lambobin ne ta dama bai daidaita ɗigo da ɗigo ba.

Matakin da ya fara tuntuɓe a kai, littafinsa za ku saya. Wannan ba sabon abu ba ne a Kano: shirin KaLMA da aka gudanar a firamarorin Wudil da Dawakin Tofa ya raba 'yan aji 4 zuwa 6 ne bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Idan babban yaro yana jin kunyar littafin ƙannensa, ku lulluɓe bangon da takardar buhun siminti. Yaro mai shekara goma yakan gama littafin aji 2 cikin 'yan watanni, ba sai ya shekara a kai ba.

Na Hausa ya fi ko na Turanci?

A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamba 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta sanar da komawa Turanci. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yin ta. A gida kuwa ba wanda ya hana ku abin da ya fi aiki: bayani da Hausa, lambobi da alamomi kamar yadda suke a littafi, sannan a riƙa shigar da kalmomin Turancin kaɗan-kaɗan tun daga aji 2, ta yadda zuwa aji 4 zai karanta tambaya da kansa.

Littattafan lissafi na Hausa na ƙananan azuzuwa sun fi fitowa ta hannun SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da shirye-shirye irin su PLANE a Kano da Jigawa, kafin nan kuma shirin ESSPIN ya samar wa malamai tsararrun darussa. Rabawa ake yi a makarantu, ba na sayarwa ba ne. Ku nemi aro wurin hedimasta.

Abu biyu ke kama yaranmu a nan. Na farko 13 da 30, 14 da 40, har zuwa 19 da 90: a Turanci sun yi kama a kunne, don haka idan kuna shifta ku faɗa da harsunan biyu. Na biyu lambobin Larabci na Islamiyya. A can biyar zagaye ce kamar sifirin boko, shida ta yi kama da bakwai ta boko, sifiri kuma ɗigo ne. Yaron da ke rubuta 7 inda ake nufin 6 ba daƙiƙi ba ne. Ku rubuta jerin biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ku manna a bango. Haka nan wanda ya saba jin "ashirin ba ɗaya" a bakin kakarsa, a nuna masa 19 ce, kuma wannan ɗebewa ce ya riga ya iya.

Wani ɗan'uwa ya aiko da littattafan ƙasar waje. Sun fi namu?

Takarda da launi sun fi. Sauran sai an tace. Bugun Amurka yana awo da inci, ƙafa, galan da ma'aunin zafi na Faranhait, kuɗinsa dala ce da tsabar santi 5, 10 da 25, kuma yana fara rubuta wata kafin rana. Manhajarmu santimita, mita, kilo da lita take so. Inci ba banza ba ne, tela da kafinta da shi suke aiki, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne, amma ba shi za a tambaya a jarrabawa ba. Bugun Ingila ya fi kusa da namu a awo, kuɗin ne fam da feni.

Littattafan tsarin Singafo suna da suna, kuma sun cancanta. Suna farawa da abin taɓawa, su koma hoto, sannan lamba, kuma suna warware tambayar zance da zanen sanduna. Misali: awaki da tumaki 36 ne, awakin sun ninka tumakin biyu. A zana sanda ɗaya ta tumaki, biyu na awaki, sanduna uku ke nan, kowace 12. Tumaki 12, awaki 24, ba a taɓa aljabara ba. Amma suna da bugu barkatai, na Singafo da waɗanda aka gyara don Amurka, ba sa shiga juna. Kowace shekara kuma kashi biyu ce, A da B, kowane da littafin karatu da na aiki. Wanda ya samu 3A kaɗai rabin shekara ya samu. Ku ɗauki dabarar sandunan ku yi aiki da ita a kan littafin gida.

Mutanen Maigatari da Babura sukan ci karo da na Jamhuriyar Nijar. Bayan Faransanci da sefa, suna rubuta 2,5 inda muke rubuta 2.5, kuma yadda suke jera doguwar rabawa daban ne. Azuzuwansu shida ne, CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Yaron da ya fara a can ya dawo nan, waƙafin nan za a fara gyara masa.

Ta yaya ake gane jabu? Kuma me zai hana in yi fotokwafi?

Jabu yakan zo da takarda shara-shara da rubutun baya ke leƙowa, hotuna dishi-dishi, rubutu a karkace, gam mai sakin shafi tun makon farko. A littafin labari wannan haƙuri ne, a na lissafi kuskure ne. Ɗigon 3.5 ya ɓace ta zama 35. Alamar rabawa ta dushe ta koma ta ɗebewa. Hoton da aka ce "wane kaso aka yi wa launi" ya fito duk fari ko duk baƙi. Ƙananan lambobin da ke saman wasu, kamar na murabba'in santimita, sun narke.

Ku tafi shago da rula. Ku buɗe babin awo, ku nemi layin da littafin ya faɗi tsawonsa, ku auna. Idan bai cika ba an ƙanƙance shafin. Haka fotokwafi ke yi: shafi biyu masu girman A4 idan aka matse su a takarda ɗaya, layin santimita 10 yakan koma kusan 7. Ga shi kuma kwafe littafi sukutum ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka. Araha ba ta ado. Na hannu mai asali ya fi sabon jabu.

Yara uku nake koyarwa, kuɗin littafin mutum ɗaya gare ni.

Kada kowa ya yi rubutu a cikin littafin da aka buga, har da littafin aiki. Kowane yaro a saya masa littafin rubutu mai gida-gida, lamba ɗaya a gida ɗaya, don layin tarawa ya miƙe. Da haka saiti ɗaya zai bi yara uku. Shafukan da dole sai an zana a kansu, kamar fuskar agogo, a ɗora farar leda mai kauri a yi da maka a goge.

Idan matakinsu ya bambanta, ku sayi na aji 2 da na aji 4 daga kamfani ɗaya, bugu ɗaya. Mai aji 1 tsinke, ƙwallon dabino, murfin kwalba da allo sun ishe shi zangon farko. Kayan awon kuma suna gida: ledar fiya wata rabin lita ce, kiret ɗin ƙwai 30 ne, tef ɗin tela yana da santimita a ɗaya gefen. Tiya da gwangwani suna da kyau wurin koyar da ninkawa da rabawa, sai dai a gaya masa tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, shi ya sa littafi ke amfani da kilo.

Akwai babin kuɗin ruwa a na aji 5 da 6. Akwai bugun da babu shi?

Littattafan da ke bin manhajar da aka saba duk suna da shi, kuma yana fitowa a jarrabawa. Lissafin shi ne uwar kuɗi sau shekaru sau kason, a raba da 100: ₦20,000 a kan kashi 5 cikin ɗari na shekara 2 ya ba da ₦2,000. Sanin yadda ake lissafa abu daban, cin sa daban, kuma wanda ya iya lissafin ya fi gane takardar bashi idan an miƙo masa. Ku faɗa masa hukuncinsa, ku koya masa lissafin. Don ƙarin atisaye a kan kaso, zakka ta wadatar: ushiri a amfanin gonar damina, rabin ushiri a wanda aka shayar da wahala, ɗaya cikin arba'in a kuɗi, wato kashi 2.5 cikin ɗari. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi kuwa duk suna cikin rabon gado.

Mun kai tsakiyar littafi sai ga sabon bugu ya fito. Mu canza?

A'a, ku ƙarasa. Canji a ƙarshen aji ake yi. Idan lokacin ya zo, ku ajiye shafin abubuwan da ke ciki na littafin da aka gama kusa da na sabon bugu na ajin da aka gama ɗin, ba na ajin da za a shiga ba. Duk darasin da ke cikin sabon wanda babu a tsohon, shi ne giɓin. Irin su lambobin Rumawa, mafi ƙanƙantar ninki da mafi girman mai rabawa, da karanta jadawali su ne aka fi matsarwa daga aji zuwa aji. Ku ari littafin na mako biyu ko uku ku cike su kafin a hau sabo.

Da damina yara suna gona. Littafin zai ƙare a shekara?

An tsara littattafan a kan zango uku na makaranta. Ku ƙirga babukan, ku ƙirga makonnin da kuke da su da gaske bayan an cire shuka, noman fari, girbi, azumi da sallah biyu, ku raba. A ce babi 30 ne, makonni 30: babi ɗaya a mako. Minti 30 kullum ga 'yan aji 1 zuwa 3, minti 40 ga manya, kwana biyar a mako. Ranakun Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo sun dace da bitar mako. Babukan lamba masu nauyi a sa su daga kaka zuwa bazara. Awo da kuɗi a bar wa damina, don gona da kasuwa suna koyar da su: taku nawa ne kunya, buhu nawa aka samu, nawa aka biya 'yan ƙwadago. Ko a tsakiyar aiki kada a daina jadawalin sau na minti biyar da baki, shi ne ke fara zubewa. Idan lokaci ya ƙure, gara a shiga sabuwar shekara da tsohon littafi da a tsallake rabawa.

Idan na koyar da shi a gida, zai iya komawa makaranta ko ya zana jarrabawa?

Dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, don haka karatun gida ƙari ne a kan makaranta ko cike giɓi kafin a shiga, ba madadinta ba. Ku sa sunan yaron a firamare mafi kusa, ku yi magana da hedimasta ko ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku tambayi littafi da bugun da suke amfani da shi da tsarin darussan zango. Idan kun san makarantar da zai shiga, wannan ya yanke muku shawarar bugun da za ku saya.

Mai nufin kwalejojin tarayya, irin na Kano, Minjibir, Kazaure ko Kiyawa, zai zana jarrabawar shiga da NECO ke shiryawa. Bayan lissafi tana da sashen gwajin basirar lamba, inda ake ba da misali a gano ƙa'idarsa a cike gurbi. Wannan yana da littafinsa daban, a fara shi tun aji 4, shafi ɗaya a mako. Tambayoyin kuma na zaɓi ne da ake cike gurbin amsa da fensir, don haka a zango biyu na ƙarshe a riƙa ba shi tsofaffin tambayoyi ana duba agogo. Littattafan rubutunsa na gida a adana su da kwanan wata a kan kowane aiki, don su hedimasta zai duba kafin ya yanke ajin da zai sa shi.